Na je binciken makarantar da aka ɗauki jikata, aka kama ni wai ni infoma ce

Daga admin: Wata uwa ce daga Lafia ta turo mana wannan da murya, ta ce a rubuta kamar yadda ta faɗa, a sakaya sunanta. Ga shi nan, a yi mata adalci a sharhi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, manya da ƙanana, ina gaishe ku da ƙoƙari. Don Allah ku ba ni shawara, kuma in faɗa muku tun farko, ni ba mai yawon neman shawara ba ce, a unguwarmu wurina ake zuwa, amma wannan magana ta fi ƙarfin kaina domin maganar boko ce, ni kuwa ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango sai dai in wuce shi. Maƙwabciyata ce ta ce a cikinku akwai malamai da iyaye da 'yan jami'a, ta danna min wayar ta ce in yi magana, to ga ni.

Maganar jikata ce, zan kira ta Uwale, domin sunan mahaifiyata gare ta, ba na faɗinsa. Uwarta 'yata ce, Allah ya karɓi abarsa tun ba a yaye yarinyar ba, uban kuma manomi ne a Adogi, mutumin kirki ne amma ba ruwansa da dogon zance, ya ce Kaka ke kika san ta, duk abin da kika yanke shi ke nan. A hannuna ta tashi, da agushi da riɗin da nake sayarwa a kasuwa na riƙe ta, kuma ban raine ta da wasa ba, na san ƙawayenta, na san iyayen ƙawayenta, in ta fita na san inda ƙafarta ta taka. Tun firamare ita ke zuwa ta ɗaya, ban taɓa yi mata guɗa a kan haka ba, ba don ban ji daɗi ba, sai don na ga yaran da yabo ya lalata. Ita dai tun tana ƙarama likita take cewa za ta zama, ban san inda ta samo ba, a zuriyarmu ko mai ba da kati a asibiti babu.

Bana ta gama aji uku na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo da ke bayan layinmu. Malamin lissafinsu ya sa ta zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, ta kwana, a wajen gari, irin wadda ba a shiga sai an tace yara an sake tacewa, ba zan faɗi sunanta ba. Yara da yawa suka zauna daga makarantarsu, ita kaɗai aka ɗauka. Na ɗauka abin murna ne, har na fara tambayar kuɗin akwati da bokiti, sai ɗana Ɗanlami, kawunta ke nan, wanda ya yi difloma yana da shagon gyaran waya, ya zo ya zauna ya ce Iya a bi a hankali. Ya ce min jami'a ba ta tambayar sunan makarantar da yaro ya fito, abu biyu kawai take dubawa, sakamakon jarrabawar gama sakandare da makin jarrabawar nan ta kwamfuta, in sun yi kyau ko daga ƙarƙashin bishiya ka fito za a ba ka adimishon, in ba su yi ba ko daga ina kake sai ka zauna gida. Ya ce a makarantar kimiyyar nan kowace yarinya ta ɗaya ce a inda ta fito, Uwale za ta je ta ɓace a cikinsu, ranar jarrabawa kuma ba mai ɗaga musu ƙafa, alhali a nan gida ana ji da ita, ta ci gaba da zamanta a sa ta lesin na yamma, magana ta ƙare.

Ban gama juya wannan ba sai ga mai makarantarsu da kansa har tsakar gidana, ya cire takalmi ya zauna a tabarma, Mama sama Mama ƙasa. Ya ce in bar masa Uwale, zai naɗa ta shugabar ɗalibai, ya rantse min in ta gama a wurinsa sai ta shiga jami'a, ya ce kuma ranar jarrabawa sun san yadda suke kula da yaransu. Na ce masa wace irin kula, ruwan sha kuke raba musu? Ya yi dariya, Ɗanlami ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mashin. Ban yi boko ba amma na gane, amsa ake rubuta musu. Na ce a gidanmu sata ake kiran wannan. Bayan ya tafi Ɗanlami ya ce min duk garin nan haka ake yi, in na ga dama in kira shi sata, masu yin sa suna can jami'a, 'ya'yan masu tsoron Allah suna nan suna jiran shekara mai zuwa. Muka yi sa'insa sosai ranar, har na ce ya tashi ya bar min gida, ya tashi.

To ni akwai abin da aka san ni da shi. In za a ba da 'ya a unguwarmu, ni ake turawa binciken gidan miji, na je Kwandere, na je Assakio, na je ƙauyukan da mota ba ta shiga. Kuma ina da yadda nake yi. Ba na shiga gidan in yi sallama a kawo min ruwa a kofin baƙi, wannan ba bincike ba ne, ziyara ce. Tire nake ɗauka in zauna nesa kaɗan kamar mai talla, in dubi kwatar gidan, in dubi shanya, in ga yadda matan gidan ke fitowa da yadda suke komawa, in saurari muryar maigida in ya dawo. Sannan in nemi matar da ta taɓa zama a gidan ta fita, domin ita ce ba ta da abin ɓoyewa. Da na ga maganar Uwale ta rabu biyu, sai na ce ai wannan ma ba da 'ya ne, shekara uku za ta yi a hannun mutanen da ban sani ba, me zai hana in yi abin da na iya. Ban gaya wa kowa ba. Na dafa sabuwar gyaɗa, na ɗora a tire, na hau keke napep na tafi, domin manyan ɗalibai sun riga sun koma, sabbin shiga ake jira.

Na samu gindin mangwaro daura da get, kusa da wata mai ƙosai, na zauna. Na yi ta zuwa ina komawa. Abin da na gani zan faɗa, ba ƙari ba ragi. Yaran ba su da ƙiba, wuyansu duk ya fito, amma kayansu fes, kuma ban ji ashar ko sau ɗaya ba. Ta tsakanin ƙarafunan get ina hango layin famfo, yarinya na riƙe da bokiti a hannu ɗaya littafi a ɗaya, bakinta na motsi kamar mai lazimi. Malamai na shiga da wuri, ban ga wanda ya fito ya zauna shan rake da rana tsaka ba. Wata mai dafa musu abinci ta sayi gyaɗa a wurina, na ja ta da hira, ta ce wake ne da garin kwaki ya fi yawa, ta ce zangon farko kuwa kuka ake yi a hostal kamar gidan makoki, yarinyar da ba ta taɓa zuwa ta biyu ba sai ta ga kanta can ƙasa, wasu har cin abinci suke dainawa. Ta ce amma akwai ɗakin gwaje-gwaje da kwalabe da wuta, akwai ɗakin kwamfuta. A makarantar Uwale ta yanzu na san babu, ita ta taɓa gaya min a allo ake zana musu kwalbar a ce su ɗauka akwai ruwa a ciki.

Sai na nemi waɗanda suka fita daga gidan, kamar yadda na saba. Na samu biyu. Ta farko 'yar wani tela ce a Kwandere, na tarar ta zo hutu. Tana jami'a, likita ta nema ba ta samu ba, aka ba ta haɗa magunguna ta karɓa. Ta ce min Kaka ki kai ta ko da kuka, ta ce a shekararsu ta farko a jami'a masu sakamako mai ƙyalli da aka rubuta musu amsa su aka fara sallama, ita kuwa abin da ake koyarwa ta riga ta taɓa shi da hannunta. Na ji sanyi a raina. Ta biyu kuwa a hanyar Assakio na same ta, cikin 'yar rumfar cire kuɗi, yarinya mai hankali, ta durƙusa ta gaishe ni. Sau biyu tana zama jarrabawar kwamfuta, makin ya yi kyau amma bai kai wanda aka yanka wa likita ba, kuma a sakamakonta na gama sakandare akwai darasi ɗaya da ya yi rauni, domin ba wanda ya leƙa takardarta ya gyara mata. Wadda suka yi firamare tare, wadda ita wannan yarinyar ke yi wa aikin makaranta, ta yi sakandaren da ake rubuta amsa, tana aji uku a jami'a yanzu. Uwarta da ke zaune a gefe ce ta karɓe zancen, ta ce Hajiya mun kai ta makarantar masu ƙwaƙwalwa ta dawo mana da gaskiya, sai mu dafa mu ci. Yarinyar kuwa tana ta goge na'urar cire kuɗin da bakin hijabinta. Na dawo gida ranar ban iya cin tuwo ba.

Saura abu ɗaya da ban bincika ba, wato kwanan yaran, kun dai san zamanin da muke ciki. Na koma, na bar tiren wurin mai ƙosai, na zagaye katangar makarantar da ƙafa har baya wajen gonakin rogo. Na samu wuri guda da ruwa ya ci katangar ta zube, an toshe da tsohon kwano, ko akuya ta yi niyya za ta shiga. Na dawo na zauna na fara tambayar mai ƙosai, masu gadi nawa ne, suna da bindiga ko sanda ce kawai, yaushe ake kashe janareta, wane ɗaki ne na sabbin yara, na kusa da wurin da ya zube ne ko na nesa. Wallahi a raina tambayar kaka nake yi. Ban lura fuskarta ta canja ba, ni da nake taƙama ba abin da ke wuce idona. Ta ce bari ta sayo mai ta dawo. Ba ta dawo da mai ba, da maigadi ta dawo, da 'yan banga a kan mashin. Maigadin ya nuna ni da sanda, da Hausarsa ta ɗan koyo ya ce Mama kai ne kana auna katanga, tashi. Kafin in buɗe baki mutane sun taru, ina ji ana cewa infoma ce, masu satar yara suka turo ta, wani ya ce dama tsofaffi suke turowa yanzu don ba a zarginsu, wata ta ce tun ranar farko ta ga idona ba na mai talla ba ne. Aka kifar min da gyaɗa. Da girmana da furfurata aka tasa ni gaba kamar ɓarauniyar kaza. Da ba don maigadin ya ce a fara kai ni wurin firinsifal ba, ban san abin da taron nan zai yi min ba.

Firinsifal ɗin mace ce, ba za ta wuce sa'ar marigayiya 'yata ba, ba Bahaushiya ba ce amma Hausarta ta fi ta Ɗanlami. Ta sa aka ba ni kujera, ta ce in yi bayani. Ba yadda zan wanke kaina sai da na faɗi sunan Uwale, aka duba aka ga tana cikin waɗanda aka ɗauka. Na gaya mata sana'ata ta binciken aure da yadda nake yin ta. Ta yi dariya har tana share hawaye da gefen gyale, ta ce tunda take aiki ba a taɓa zuwa neman auren makarantarta ba. Da na kawo maganar katanga sai dariyar ta tsaya, ta ce ta sani, ta kai kuka sama, tana jira. Na faɗa mata abin da Ɗanlami ya ce, na ce to tunda Allah ya haɗa mu, ki dube ni ki gaya min, in na kawo miki yarinyar nan za ta samu jami'a ta karanta likita? Ta ce Mama ba zan yi miki ƙarya ba, wannan alkawarin ba ya hannuna, ɗanki ya yi gaskiya, ba a tambayar sunanmu a wurin adimishon. Ta ce abin da za ta iya cewa kawai, duk yarinyar da ta gama a wurinsu abin da ke takardarta shi ke kanta. Ta ƙara da cewa in shekarar farko ta ƙare, wadda makinta ya yi ƙasa sosai sai ta maimaita aji ko iyaye su zo su ɗauke ta, kuma a kowace shekara ana samu. Sannan ta ce in za mu kawo ta mu kawo ta ranar Litinin, in ba su gan ta ba za su kira ta bayanta, akwai masu jira.

Kun ga inda na tsaya. Wanda na san maƙaryaci ne ya rantse min zai kai ta jami'a, kuma na ga alamar yana iyawa. Wadda na ga mai gaskiya ce ta ce ba ta yi min alkawari ba. A binciken aure da na ce a ba mai gaskiya ba tare da na waiwaya ba, amma a can na san abin da nake dubawa, a nan kuwa ina tsoron kada in ɗauki taurin kaina in ɗora wa marainiya, ta ƙare a rumfa tana goge na'ura, mu kuma muna cewa ai ba ta yi sata ba.

Ɗanlami aka kira ya zo ya tafi da ni, da muka iso gida ya ce yanzu ga shi na sa an san yarinyar tun ba ta shiga ba, ranar da ta sa ƙafa za a ce ga jikar infoma. Kafin magariba labari ya zagaye unguwa, wasu na zuwa jaje suna danne dariya, matar da na taɓa hana a ba ɗanta 'ya har aiko min ta yi wai tana tambaya ko an sako ni. Wannan bai dame ni ba, na ga abin da ya fi shi. Uwale ce ta dame ni. Ba ta yi min rashin kunya ba, ba ta taɓa yi ba, amma ta daina haɗa ido da ni, akwatin da ta fara shiryawa da murna ta tura shi ƙarƙashin gado. Na tambaye ta wanne take so, ta ce duk wanda na ce. Na daka mata tsawa na ce magana nake so ba ladabi ba, ta sake cewa duk wanda na ce.

Jiya da la'asar muna ɓarar agushi a tsakar gida, ni da ita, sai ta ce Kaka, ba ta ɗago kai ba, ta ce in na je can na zo ta ƙarshe aka ce a zo a ɗauke ni, za ki zo? Jama'a, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa wa ya ce miki za ki zo ta ƙarshe. Ta ce to. Ta kwashe ɓawon ta fita da shi. Na san ba amsar ke nan ba, tun maganar ba ta gama fita ba na sani, ashe duk kwanakin nan da nake zagaya katangar mutane, yarinyar ba makarantar take tsoro ba, dawowa gidana take tsoro.

Don haka nake roƙonku, waɗanda suka yi irin wannan makaranta da waɗanda suka kai 'ya'yansu, ku gaya min tsakaninku da Allah, wahalar tana biya a wurin shiga jami'a, ko sunan ne kawai da ramar wuya? Wanda ya fito daga ƙaramar makaranta bai yi satar amsa ba kuma ya samu likita, akwai shi a cikinku, ya yi magana in ji yadda ya yi. In na bar ta a gida na hana mai makarantar nan taɓa takardarta, zai yarda, ko na haɗa mata asara biyu ke nan? In kuma na kai ta, abin da ya faru da ni a bakin get zai bi ta har aji? Kada wanda ya lallashe ni don ya ji tsohuwa ce, ku faɗi yadda abin yake. Litinin ta matso, in kai ta ko in bar ta? Kuma ko wanne za a yi, sai na koma na amsa mata tambayar jiya kafin ranar, wanda ya san yadda ake faɗin irin wannan magana ga yarinya ya koya min, domin ni zan je ɗaukarta ko da ƙafa ne, bakina ne bai iya faɗa ba.